FYAƊE A AREWA: Ƙididdigar Da Kunya Ta Haɗiye

Duk wanda ya yi sammako a garin Potiskum ya san abin da idonsa zai fara cin karo da shi. Tun kafin rana ta ɗaga, 'yan mata ƙanana sun fito daga zaurukan gidajensu, wata da farantin ƙosai a ka, wata da ƙwaryar fura, wata da bokitin kunu, sun nufi tasha da bakin kasuwa da inuwar manyan motocin da suka kwana a gefen hanyar Kano zuwa Maiduguri. A bayansu ga 'yan makaranta sun jeru da jakunkunansu, ga kuma matan aure da zawarawa masu zuwa asibiti ko gidan suna. Potiskum gari ne na fatauci, mai kasuwar shanu wadda ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarsa mutum fiye da 200,000. Baƙo ba ya yankewa a cikinsa dare da rana.

A irin wannan gari ana ƙirga kome. Dillali ya san yawan shanun da suka shigo kara ranar kasuwa, sarkin tasha ya san motocin da suka tashi, mai awo ya san buhunan geron da suka rage masa. Amma akwai tambaya guda wadda ba a yin ta a majalisa, ba a kuma yin ta a tsakar gida, watau: cikin matan nan da 'yan matan nan da suke wucewa ta gabanmu kullum, nawa ne aka taɓa yi wa fyaɗe ko wata lalata ta ƙarfi da yaji? Magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe, mun sani. To, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma cutar da ba a san yawanta ba, ba a san yawan maganin da za a tanadar mata ba.

LITTATTAFAI UKU

Idan mai karatu yana son ya san yawan wannan ta'asa, wurare uku zai duba, kuma kowane wuri da amsar da zai ba shi.

Na farko shi ne littafin 'yan sanda. A watan Yuni na 2020, lokacin da kullen cutar korona ya tsare mutane a gidaje, Sufeto Janar na 'Yan Sanda na wancan lokaci, Muhammad Adamu, ya bayyana cewa daga Janairu zuwa Mayu na shekarar an kai musu ƙarar fyaɗe 717 a duk faɗin Nijeriya, an kuma kama mutum 799. Idan aka raba wannan adadi bisa kwanakin watanni biyar ɗin, bai kai ƙara biyar a rana ba, a ƙasar da take da jihohi 36 da mutane wajen miliyan 200 a lokacin.

Na biyu shi ne littafin hukumomin da ake kai wa kuka ba tare da an shiga caji ofis ba. Ƙungiyar Amnesty International, a rahoton da ta fitar a watan Nuwamba na 2021, ta ce Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta karɓi ƙorafin fyaɗe 11,200 a cikin shekarar 2020. Ko da za a ce 'yan sanda sun ci gaba da karɓar ƙara bisa wancan ma'auni nasu har ƙarshen shekara, abin da za su samu ba zai wuce 1,700 da 'yan kai ba, watau adadin hukumar ya ninka nasu fiye da sau shida.

Na uku shi ne binciken gida gida, inda ba a jiran mace ta zo, sai dai a je a same ta. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa takan yi irin wannan bincike game da lafiyar iyali bayan 'yan shekaru. A na 2018 an tattauna da mata fiye da 40,000 masu shekara 15 zuwa 49, aka keɓe wani sashe daga cikinsu aka yi musu tambayoyi game da duka da tilastawa. Ka'idar ita ce mace ɗaya tak ake tambaya a kowane gida, mace 'yar uwarta ce take yin tambayar, kuma idan ba a sami wurin da za su keɓe ba sai a bar maganar. Abin da ya fito shi ne, mata 9 cikin kowane 100 sun ce an taɓa tilasta musu kwanciya ko wata lalata a rayuwarsu, alhali kuwa a binciken 2013 mata 7 ne cikin 100. Mata 4 cikin 100 kuma sun ce abin ya same su a cikin watanni goma sha biyun da suka gabaci binciken. To, mu ƙaddara matan ƙasar nan masu waɗannan shekaru miliyan 40 ne kawai. Kashi 4 cikin 100 nasu ya kama mace 1,600,000 a shekara guda. Mai karatu ya ɗora wannan a gefen 717, ya ga ramin da yake tsakani.

Wajibi ne a nan mu yi wa mai karatu bayani, don kada lissafi ya ruɗe shi. Tambayar masu bincike ta fi ma'anar fyaɗe a doka faɗi, domin ta haɗa har da tilastawar da take faruwa a ɗakin aure, kuma a cikin matan da suka taɓa aure, miji ne aka fi ambata. Sashe na 282 na Final Kod, dokar da ta fara aiki a Arewa tun 1960, bai ɗauki saduwar miji da matarsa da ta balaga a matsayin fyaɗe ba. Saboda haka ba duk abin da binciken ya ƙirga ne zai shiga littafin 'yan sanda ba. Amma ko an cire wannan kaso, abin da ya rage ya fi ƙarfin abin da ake kai wa hukuma nesa ba kusa ba.

Game da yara kuwa, binciken da Hukumar Ƙidaya ta yi a 2014 tare da Asusun UNICEF ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun gamu da cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18. Waɗanda suka sami taimakon likita ko na hukuma ba su kai 5 cikin 100 ba. Mafi yawan masu aikata abin kuma mutanen da yaran suka sani ne. Ba a Nijeriya kaɗai ake fama ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mace ɗaya cikin uku a duniya, kimanin mata miliyan 736, ta sha duka ko tilastawa daga abokin zamanta, ko kuwa fyaɗe daga wani.

GOMBE DA KEBBI

Inda maganar ta zo ƙofar gidanmu shi ne wajen rabon shiyyoyi. Binciken 2018 ya nuna cewa shiyyar Arewa maso Gabas, wadda Jihar Yobe take ciki tare da Borno da Bauchi da Gombe da Adamawa da Taraba, ita ce kan gaba a duk ƙasar, da mata 16 cikin 100. Arewa maso Yamma kuwa, watau su Kano da Katsina da Sakkwato, mata 5 ne cikin 100. Idan aka auna unguwa mai mata 1,000 da wannan mudu na shiyyarmu, ana maganar mata 160 ke nan, kowacce da sunanta da iyayenta da ɗakin da take kwana.

A cikin jihohi kuma akwai abin mamaki. Gombe, maƙwabciyarmu ta kudu, ta fito da mata 45 cikin 100, Kebbi kuwa ba ta kai ɗaya cikin 100 ba. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani a nan. Shin mazan Gombe sun fi na Kebbi mugunta har ninki arba'in da biyar? Da wuya. Yawan matan da aka tambaya a kowace jiha ba shi da yawa, saboda haka adadin jiha guda yana iya karkacewa. Bugu da ƙari, mai bincike ba ya rubuta abin da ya faru, sai abin da aka gaya masa. Inda mace ta sami natsuwa da mai tambayarta sai ta buɗe baki, inda kuwa take jin motsin uwar miji a bayan ƙyaure sai ta ce lafiya lau. Don haka jihar da ta fito da ƙaramin adadi kada ta yi saurin yin guɗa, domin mai yiwuwa ne ma'aunin ya auna ƙarfin shirun matanta ne kawai.

Binciken da kansa ya ba da shaidar wannan shiru. Cikin matan da aka doka ko aka tilasta wa, 55 cikin 100 ba su nemi taimako ba, ba su kuma taɓa gaya wa kowa ba. Waɗanda suka nema, galibinsu wajen danginsu suka je, 'yan ƙalilan ne ƙwarai suka doshi 'yan sanda.

DARASIN KWANAR ƊANGORA

Wanda yake ganin wannan lissafi ne na takarda kawai, ya tuna abin da ya faru a Kwanar Ɗangora, cikin Ƙaramar Hukumar Kiru ta Jihar Kano. A watan Yuni na 2020 rundunar 'yan sandan jihar ta ba da sanarwar kama wani mutum wanda ta ce ya amsa cewa ya yi wa mata 40 fyaɗe a garin cikin shekara guda, daga yarinya 'yar shekara 10 har tsohuwa 'yar shekara 80. Yana haura katanga da dare ya shiga ɗakuna. Asirinsa bai tonu ba sai ranar da wata uwa ta same shi a ɗakin 'ya'yanta, maƙwabta suka bi shi suka kama.

Ƙaramin gari ne, inda kowa ya san kowa. Shekara guda cur mata suna kwana da fargaba, ana raɗe-raɗin abin a bakin rijiya, amma gida bayan gida kowa yana rufa nasa asiri. Kowane gidan da ya yi shiru don ya tsare mutuncin 'yarsa, ya bar wa mutumin nan hanyar shiga gidan maƙwabcinsa. Wannan shi ne kuɗin da jama'a take biya a kan rufin asiri irin wannan, kuma 'ya'yan wasu ne suke biyansa.

SHEKARUN TASHIN HANKALI

Ba a raba adadin Arewa maso Gabas da shekarun Boko Haram. Mutanen Potiskum ba sa bukatar a tuna musu harin makarantar Mamudo na watan Yuli 2013, ko bam ɗin da ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya ta garin a watan Nuwamba 2014. An sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilu 2014, an kuma sace 110 a Dapchi, nan cikin Jihar Yobe, a watan Fabrairu 2018. Waɗannan su ne duniya ta ji labarinsu. Matan ƙauyuka da aka kwashe aka ɗaura musu auren dole a daji sun fi su yawa.

Waɗanda suka tsira suka isa sansanin gudun hijira ma ba duka ne suka sami mafaka ba. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara da abinci da alkawarin aure, kuma cikin waɗanda aka zarga har da shugabannin sansani da masu tsaronsa. Yaƙi yakan kashe miji, ya raba mace da gonarta da danginta, ya jefa ta garin da ba ta da kowa. Macen da take neman abin da 'ya'yanta za su ci da dare ba ta da bakin kai ƙarar wanda abincin yake hannunsa.

ABIN DA YAKE RUFE BAKI

Me ya sa uwa za ta ga 'yarta ta dawo daga talla tana ɗingishi, ta wanke ta da ruwan zafi, ta ce kada ta kuskura ta gaya wa kowa? Ba don ba ta ƙaunarta ba ne. Tana tsoron ranar da za a zo neman auren yarinyar, a sami mai tsegumin da zai ce ai an taɓa lalata ta. Tana tsoron bakin unguwa, inda ake saurin cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, a tambayi yarinya me ya kai ta shagon, a bar ƙaton da ya ja ta ciki. Sau da yawa kuma mai laifin ɗan uwa ne, ko maƙwabci, ko mai gidan da ake haya, ko wanda yake saye farantin tallar gaba ɗaya, watau mutumin da ba a iya nuna shi da yatsa ba tare da an girgiza zumunci ko abincin gida ba.

Daga nan sai maganar sulhu ta shigo. Dattawa su zauna a zaure, a ce a rufa wa juna asiri, a ba da kuɗin magani, a yi addu'a a tashi. Wani lokaci ma akan ce ya aure ta, a miƙa wadda aka zalunta ga wanda ya zalunce ta. Wanda ya daure ya kai ƙara kuwa, ga kuɗin mota, ga jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a, ga ɗage zama bayan ɗage zama, har talaka ya gaji ya ce ya bar wa Allah. Duk ƙarar da ta mutu ta wannan hanya ta fita daga lissafi, mai laifin kuwa yana nan yana yawo a unguwa.

DOKA DA SHARI'A

Ba a rasa doka ba. A 2018 Gwamna Ibrahim Gaidam ya sa hannu a kan gyaran Final Kod na Jihar Yobe, wanda ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe, da ɗaurin shekara 25 idan babbar mace ce. Dokar Tarayya ta hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, ta fito a 2015, Gwamna Mai Mala Buni kuma ya sa hannu a kan ta Jihar Yobe a 2022. A 2019 an buɗe rajistar ƙasa ta sunayen waɗanda kotu ta kama da irin wannan laifi, a ƙarƙashin hukumar NAPTIP. A watan Yuni na 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, a watan Satumba na shekarar kuma Jihar Kaduna ta yi dokar dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 14. Sai dai doka, kome kaifinta, ba ta hukunta wanda ba a kawo gabanta ba.

Addini ma bai goyi bayan wannan shiru ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, macen da aka tilasta wa ba ta da laifi ko kaɗan, wanda ya tilasta mata shi ne yake fuskantar haddi, sa'an nan ya biya ta sadaki irin na tsararrakinta, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imam Malik. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya tafi a kan cewa masu tare mata da makami don su keta mutuncinsu 'yan fashi ne, kuma fashin mutunci ya fi na dukiya muni. Har ila yau malaman mazhabar sun ba da muhimmanci ga alamun da suke bayyana nan take, kamar kururuwar neman agaji da raunin da aka gani a jiki. Ashe ke nan iyayen da suka ɓoye maganar har ciki ya fito, sun raunana hujjar 'yarsu da hannunsu.

KWANA UKU NA FARKO

Akwai abin da ya kamata kowace uwa da kowane uba su riƙe. Idan wannan masifa ta auku, a garzaya asibiti kafin a yi wanka, a tafi da tufafin da suke jikin yarinyar ba tare da an wanke su ba, domin a nan shaidar likita take. Maganin da yake kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72, watau kwana uku, a ci gaba har kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma ba ya wuce kwana biyar, kuma gwargwadon saurin shan sa gwargwadon amfaninsa. An kafa cibiyoyi na musamman domin wannan aiki, irin su Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da Salama a Jihar Kaduna, da Shifa a Damaturu, inda ake duba lafiya, a kwantar da hankali, a rubuta rahoton da kotu za ta karɓa, cikin sirri. Wanda yake nesa da su ya nufi asibitin gwamnati mafi kusa. Kwanakin da akan ɓata ana shawara a zaure, su ne kwanakin da likita yake bukata.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Yobe da ta riƙa bayyana wa jama'a, shekara shekara, yawan ƙarar da aka kai wa 'yan sanda, da yawan waɗanda asibitoci suka duba, da yawan shari'un da aka yanke, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ba tare da ambaton sunan kowace yarinya ba. Muna kira ga masu martaba sarakunan Fika da Potiskum da su umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni cewa fyaɗe ba ya cikin abubuwan da ake sulhu a kansu a zaure. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa abin kunyar yana kan wanda ya aikata, kuma saurayin da ya auri wadda aka zalunta bai auri mai aibu ba. Iyayen da talauci ya tilasta wa ɗora wa 'ya'yansu talla, su hana su shiga shago ko ɗaki ko kango don kai wa mai saye, su haɗa su bibbiyu, su kuma tabbata sun dawo gida kafin magariba.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya kamata hukuma da jama'a su shirya masa tun yanzu. Ranar da matan unguwanninmu suka fara samun bakin magana, adadin da yake littafin 'yan sanda zai hau, ya ninka, wataƙila ya sake ninkawa. A ranar, kada wani jami'i ya ji kunya ya nemi rage lissafi, kada kuma wani ya ce garin ne ya lalace. Abin da ya daɗe a bayan ƙyaure ne ya fito fili inda za a iya yi masa magani. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya saka wa waɗanda aka zalunta, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da gaskiya, amin.